Maɓallan da Noelene Direen Ta Ajiye

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana sanyin da ke sa ciyawa ta yi fari, Noelene Direen takan ajiye tsohuwar motarta a bayan shagon gwanjo na cocinmu, ta buɗe ƙofar baya da makullin da ke rataye a wuyanta. Butar shayi take fara ɗorawa kafin ta kunna fitila. Daga nan sai ta jawo buhunan da mutane suka jibge a bakin ƙofa, ta zazzage su a kan dogon teburin da aka samo daga tsohuwar rumfar tuffa, ta naɗe hannun riga ta shiga tsinta.

Kowace tufa sai ta sunsuna ta kafin ta duba ta. Warin kafur da hayaƙin itace, ta san daga gidajen kan tudu ne. Ƙarnin kifi da man inji, na mutanen bakin ruwa ne. Sannan ta laluba aljihu ɗaya bayan ɗaya, don ba ta taɓa rataye riga da abin wani a ciki ba. Ta mayar wa mutane zobba, hotuna, wasiƙun da ba ta karanta ba, har da haƙoran roba na wani tsoho, wanda ta kai masa gida a cikin kwalbar zuma ba tare da ta gaya wa kowa sunansa ba. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, ba wanda ya ɗauke ta, ba wanda yake biyanta.

Ni Valmai Griggs ce nake rubuta wannan. Ina da shekara goma sha biyu na bar makaranta na shiga rumfar shirya tuffa a akwati, don haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya riƙe abinsa. Ranar Asabar kwamitin shago zai yi wa Noelene shayin bankwana, saboda ƙarshen watan nan za ta koma arewa wajen 'yar ƙanwarta. A takardar gayyata sun rubuta wai ta yi ritaya. Ba ritaya ta yi ba. Korar ta aka yi da sunan ɓarauniya, shekara biyu ke nan, kuma kalmar tana nan a littafin kwamiti har yau. Kafin ta bar kwarin nan ina so a goge ta. Amma bari in fara da abin da duk kuka sani.

Idan kaka ta shigo, an gama tsinkar tuffa, ganyayen bakin kogi sun koma ja, kowace Juma'a da la'asar ana nuna tsofaffin finafinan soyayya na barkwanci a zauren gari. Irin waɗanda namiji da mace ke cacar baki tun daga farko, kowa a zauren ya san aure za su yi, su biyun ne kawai ba su sani ba. Al'adarmu ce a je cikin shiga irin ta fim ɗin makon. Mu da rabinmu ba mu san wani takalmi ba sai na roba, sai ka gan mu cikin dogayen kwat masu ɗamara, da manyan suwaita na ulu, da mayafin wuya har gwiwa, mata sun karkata hular maza a ka. Baƙi na tasowa daga birnin Hobart su ɗauke mu hoto. Duk wannan daga teburin Noelene yake fitowa.

Mako guda kafin a nuna fim ake ba ta shi, ta kalla a gida ba murya.

"Ba ruwana da abin da suke faɗa wa juna," in ji ta. "Duk ƙarya ce. Wuyan rigar nake kallo."

Ta zana shi a bayan takardar kalanda, ta zo ta tono buhuna har ta sami mai kama da shi, ta rage hannu, ta sake shafi, ta goge. Ranar Litinin da safe mutum-mutumi biyu na tsaye a gilashin gaban shago, mace da namiji, an watsa musu busassun ganye a ƙafa, ga laima ko tsohon akwatin tafiya a gefe. Kafin Juma'a ta shirya rabin gari.

Ku tambayi Rex Lovell, yana nan da ransa. Yana da shekara arba'in da huɗu bai taɓa yi wa mace maganar da ta wuce gaisuwa ba, ga shi ya kamu da son Philippa, ma'aikaciyar jinyar da aka turo mana. Ya shigo shagon cikin kayan feshin gona, ya tsaya yana murza hula.

"Tuɓe wannan buhun," in ji Noelene.

Ta sa masa kwat mai ruwan ƙasa mai faci a gwiwar hannu, ta naɗa masa mayafin wuya, ta tura shi gaban madubi.

"Goggo, ai na koma kamar malamin jami'ar da ya ɓata hanya."

"Haka ake so. Ka zauna kusa da ita, in an yi dariya ka yi. Kuma don Allah, Rex, kada ka yi mata zancen tsutsar tuffa."

Ya yi mata zancen tsutsar tuffa, tun daga farkon fim har aka kunna fitilu. Ta aure shi duk da haka, kuma har yau cewa take kwat ɗin ta aura, shi gyara aka yi mata. 'Ya'yansu uku.

Ku tambayi iyalai bakwai da gobarar daji ta cinye gidajensu shekarun baya. Kafin su gama kuka buhuna na jiran su a zauren coci, kowanne da sunan mai shi, kowace riga daidai jikinsa, ba wanda aka auna. Da ido ta auna mu duka tun da daɗewa.

Ke ce, Noelene, mai suturta gari da abin da gari ya yar. Ke ce kika sa talaka ya shiga zaure kafaɗarsa a miƙe. Ni kuma ni ce na kai ƙarar ki.

Ga yadda aka yi. Merle Pybus, mahaifiyar Lyndon shugaban kwamiti, ta rasu a farkon kakar shekarar da aka kori Noelene. Tana da wani koren kwat mai maɓallan bawon kawa masu ƙyalli, wanda na yi shekara ashirin ina kallo a coci ina haɗiyar yawu. Da na ji an kai kayanta shago, ban ko karya kumallo ba na tafi.

"Koren kwat ɗin Merle nake so."

"Ba na sayarwa ba ne."

"Kamar yaya ba na sayarwa ba? Ba shago ba ne nan?"

"Ga wani shuɗi can, Valmai, ya fi dacewa da ke. Kore zai sa ki yi kama da kabewa."

Na fita ina huci. Ranar Talata ina dawowa daga kanti ta bayan layi, sai na hango ta tana cusa buhuna uku a but ɗin bayan motarta, hannun koren kwat ya leƙo daga ɗaya. Tare muka taso da ita, a rumfa ɗaya muka yi aiki muna 'yan mata, gidanta tafiyar minti biyar ne daga nawa. Da na je na tambaye ta. Sai na wuce kai tsaye gidan Lyndon.

Ya tare ta kafin ta tayar da mota, shi da mutum biyu na kwamiti, ni kuma ina tsaye a baya a matsayin shaida, na harɗe hannu kamar wadda ta yi abin kirki.

"Misis Direen, ba wanda ya ce kin yi wani abu. But ɗin kawai muke so ki buɗe."

"Lyndon, ni na rage maka wandon da ka sa ranar aurenka. Yau kuma ni ce Misis Direen?"

Ta buɗe. Mafi kyawun kayan da suka shigo a watan ne a ciki. Lyndon ya ɗaga kwat ɗin mahaifiyarsa, fuskarsa ta canza.

"Ina maɓallan? Waɗannan ba nata ba ne. Har maɓallan kika cire?"

Baƙaƙen maɓallai ne na roba a jiki, an ɗinka su tsaf.

"Ina za ki kai kayan nan?"

"Inda ya kamata."

Sau uku yana tambaya, sau uku tana ba shi amsa ɗaya. Sai ta cire igiyar daga wuyanta, ta ɗora makullin a kan murfin but, ta dube ni. Ta shiga mota ta tafi. A zaman da ya biyo baya suka rubuta cewa an sallame ta saboda kwashe kayan shago. A gari kuwa ba wanda ya tsaya faɗar doguwar magana, ɓarauniya kawai ake cewa. Mutanen da ta suturta suka koma tsallaka titi idan sun hango ta. Ta daina zuwa kallon fim, daga baya ta daina zuwa coci.

Aka ɗauko Tahlia daga Hobart ta riƙe shagon. Ba ni da abin cewa a kanta, yarinya ce mai hankali, tana da ido, ta iya shirya gilashi. Abin da ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata, don mu ma ba mu sani ba.

Mijina Athol ya rasu a watan Agusta, lokacin da sanyi ke tsananta a nan. Shekara hamsin da ɗaya muna tare. Sai a Fabrairu na iya buɗe ɗakin kayansa, na zuba komai a buhu ina kau da kai, na ajiye a ƙofar shago na gudu.

Litinin ta biyu a watan Afrilun nan, na fito sayen madara, na zo wucewa ta gaban shago, sai ga Athol a tsaye a gilashi. Dogon kwat ɗinsa mai ruwan toka, wanda kafaɗar hagu ta ɗan saɓa saboda yadda yake ɗaukar tsani. Suwaitar da na saƙa masa da hannuna. Hularsa. Ya riƙe wa wata mace laima, ya karkata kai wajenta kamar zai gaya mata abin dariya. Na ɗaga hannu, jama'a. A tsakiyar titi, tsohuwa da ni, na ɗaga wa mutum-mutumi hannu na kira sunan mijina.

Na banka ƙofar shagon.

"Goggo Valmai, lafiya?" in ji Tahlia. "Kin ga na wannan makon? Kwat ɗin nan ya fi kowanne, har mutum uku sun tambaya."

"Ki sauke shi! Wane irin rashin imani ne wannan? A zamanin Noelene ban taɓa ganin kayan mamaci a..."

Nan na tsaya. Ban taɓa gani ba. Garin da bai kai mutum dubu ba, kowace shekara muna binne mutum goma sha wani abu, kowa kayansa shagon nan ake kaiwa. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin rigar wanda na sani ya mutu a gilashin nan ba, ko a jikin wani a coci, ko a zauren fim. Ba wanda ya taɓa gani. Kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Tahlia ta sauke kwat ɗin tana kuka tana ba ni haƙuri. Na rungume shi na nufi gidan Noelene, wanda na yi shekara biyu ina kewaye shi.

Na tarar da ita a kicin tana fama da murfin kwalba, yatsunta sun kumbura sun karkace. Ta dubi kwat ɗin, ta dube ni.

"A gilashi suka sa shi?"

Na gyaɗa kai.

"Zauna, kafin ki faɗi ki karya mini kujera. Akwai shayi a buta."

"Ina kike kai su, Noelene?"

"Yanzu kike tambaya?"

Ta bar ni na sha kunyata har shayin ya huce, sannan ta gaya mini. Akwai shagon gwanjo a wani gari ƙetaren dutse, tafiyar awa ɗaya da rabi, wata Glenys ke riƙe da shi. Kowace Talata ta biyu a wata Noelene na kai mata kayan mamatanmu, ta karɓo na mamatansu, buhu da buhu. Duk kwat ɗin da muka yi taƙama da shi a zauren fim, har da na Rex, na mutanen can ne waɗanda ba mu taɓa sani ba. Kuma saboda wani namu kan bi ta can jefi-jefi, kafin ta kai sai ta canza maɓallai, wani lokaci har da wuyan rigar. Ta ce da maɓalli ido ke fara gane riga.

"To me ya hana ki faɗa ranar nan? Kalma ɗaya ce!"

"In faɗa, gobe duk gwauruwar garin nan ta hau mota ta tafi can tana leƙen bayan maza, tana neman mijinta? Ke ce ma za ki fara zuwa. Kuma dokar kwamiti ta ce abin da aka bayar a nan, a nan za a sayar. Da sun hana ni." Ta juya kofinta. "Sannan na ji haushi, Valmai. Shekara talatin da ɗaya, a ce in buɗe but."

Ban tambaye ta mafarin abin ba, don na tuna da kaina. Ɗanta Kelvin yana da shekara goma sha tara jirgin kamun kifi ya kife da shi a mashigin ruwa. Surukarta ce ta kwashe kayansa ta kai shago don ta rage mata ciwo. Bayan wata biyu Noelene ta hango jar suwaitarsa ta baya a gidan mai, ta bi mutumin da gudu tana kiran Kelvin, ya juyo, wani ɗan tsinkar tuffa ne baƙo. Duk mun ji labarin a lokacin, muka ce Allah sarki, muka manta. A makon ne ta je ta karɓi makullin shagon.

Ta ce in sauko mata da gwangwanayen biskit da ke kan kabad. Guda tara ne. Kowanne cike da ƙananan ambulan, kowace da suna da shekara, a ciki maɓallai. Mahaifina na ciki. Ƙanwata Dulcie na ciki. Merle Pybus na ciki, maɓallan bawon kawa guda biyar, an naɗe su a auduga.

"Na ce ko wata rana wani zai zo ya tambaya," in ji ta. "Ba wanda ya zo."

Ta ɗauki almakashi za ta cire na Athol, yatsun suka ƙi. Ta yi ta gwadawa, ta ƙi yarda in karɓa, har almakashin ya faɗi ƙasa. Ni na cire su, tana gefe tana yi mini faɗa wai zan yaga yadin. Na ce zan je in karɓo mata makullinta ko da tsiya.

"In yi me da shi? Dubi hannun nan. Kaka biyu suka rage mini, Valmai, su ne kuka karɓe."

Wannan maganar ita ce ta hana ni barci. Ba wanda zai mayar mata da kaka biyun nan, ni ma ba zan iya ba. Na ba ta haƙuri, ta ce tun muna yara bakina ke riga hankalina isa wuri, ta ƙara mini shayi. Ban sani ba ko yafiya ce wannan, ban kuma matsa ba.

Ta ce kada in rubuta wannan. Za ta yi fushi, ta yi. Na yi tunanin gwaurayen da za su hau mota, ni ma ɗaya ce daga cikinsu, kuma ina roƙonku kada ku je. Amma sirrin da ya mayar da mai shi ɓarauniya a garinta ya isa haka.

Saboda haka, Lyndon Pybus, da kai nake. Na je wurinka sau biyu, ka ce kada a tono abin da ya wuce, za a yi mata kek da furanni. Ba kek take buƙata ba. Ranar Asabar ka zo da littafin nan, ka buɗe shafin a gaban jama'a, ka ja layi a kan kalmar, ka rubuta gaskiya a ƙasa ka sa hannu. Ni zan fara miƙewa in faɗi abin da na yi, don kada ka ce kai kaɗai aka kunyata. Ambulan mahaifiyarka na cikin jakata. Niyyata in riƙe ta sai ka goge, amma Noelene ta ce maɓallan ba nata ba ne, ba nawa ba ne, in ba ka ko ka goge ko ba ka goge ba. Zan ba ka. Ka riƙe maɓallan nan a hannunka, sannan ka dubi littafin, ka ga ko za ka iya rufe shi yadda yake.

Ku kuma sauran, gwangwanaye tara za su kasance a kan tebur. Duk wanda ya binne wani a garin nan cikin shekara talatin da ɗaya ya zo ya nemi sunansa. Wanda ya ɗauki ambulan kada ya fita sai ya tsaya a gaban Noelene ya dube ta. Tahlia ta riga ta je gidanta da littafin rubutu, ta kuma yi magana da Glenys. Tana neman mai mota ranar Talata, da masu iya riƙe allura. Wanda ke son ya gode wa Noelene, ga hanya nan.

Noelene, ke ce kika tsaya tsakaninmu da mamatanmu shekara talatin da ɗaya, ba mu ko san akwai mai tsayuwa a wurin ba. Mun yi ado, mun yi dariya a zaure, ba wadda ta taɓa ɗaga kai ta ga mijinta a kujerar gaba. Na gode, ƙawata, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin da bai cancanta ba.

Talatar da ta wuce ni na tuƙa ta zuwa ƙetaren dutse, kwat ɗin Athol na kujerar baya da sababbin maɓallai. Wani zai sa shi a can, ya riƙe wa wata laima, ba zan gani ba. Nasa na asali guda shida suna gabana yanzu a cikin ambulan. Ita ta rubuta sunan. Ta ɗauki kusan minti goma tana rubuta Athol Griggs da yatsun nan, ta ƙi bari in taya ta.